Tambaya: rijiyoyin da Japan ta haƙa a ƙasan teku saboda girgizar ƙasa

Mai Bohol ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni sana'ata haƙar rijiyar burtsatse, a kanta na yi furfura, tsakanin Bauchi da Gombe da wani yanki na Filato. Ina da ɗa, ɗan ƙanina, yana karatu a Japan, wani gari da ake kira Wakayama. A watan Agustan 2024 gwamnatinsu ta yi shela cewa kowa ya zauna cikin shiri, mai yiwuwa babbar girgizar ƙasa ta afku. Uwarsa ta hana kowa sakat a gidan har sai da mako ya zagayo aka janye shelar. A cikin hirar da muka yi ta waya ne yaron ya ce mini wai akwai rijiyoyi da aka haƙa a ƙasan teku, can nesa da gaɓa, aka zura na'urori a ciki aka toshe baki, kuma shekara da shekaru suna nan suna aiko da rahoto.

Tun ranar maganar take cina. Ni dai na san wahalar da muke sha kafin mu kai mita 120 a kan tudu, ga ƙasa a ƙarƙashin ƙafarka, ga injin a tsaye cak, amma wani lokaci ramin ya rufta ya riƙe maka fayif ka kwana kana lallashi. To ina ga wanda yake kan jirgin ruwa, igiya na kaɗa shi? Abin da nake son a warware mini: me ya sa sai an haƙa, ba za a ajiye na'urar a kan tudu ko a jefa ta ƙasan ruwan kawai ba? Me take aunawa a can? Kuma babbar tambayar, shin tana iya faɗin ranar da girgizar za ta zo? Wanda Allah ya ba sani ya taimaka.

Ɗan Tasha ya rubuta:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ni a ganina kuɗi ne suka yi musu yawa. Girgizar ƙasa ba ta sallama, ranar da Allah ya nufa za ta zo ko da rijiya dubu aka haƙa. A 2011 ina na'urorin suke da ruwa ya share garuruwa? Duk mun gani a talabijin. Yaron dai a yi ta yi masa addu'a, in ya gama ya tattaro ya dawo gida.

Maman Hanan ta rubuta:

Wa alaikumus salam Alhaji, ina gaisuwa. Tambayar nan ta faɗo gidana, don ilimin duwatsu na karanta, kuma na yi zaman karatu a Kochi, wadda teku ɗaya suke kallo da Wakayama. A can akwai wata ma'ajiya kusa da filin jirgin sama inda ake adana ƙasa da duwatsun da jiragen haƙa suke cirowa daga ƙasan teku. Ɗaki ne mai sanyi kamar ya tsinke yatsu, digiri 4, an jera gutsattsarin a kan kantoci har sama, kowanne tsawon mita ɗaya da rabi, an tsaga shi gida biyu a tsaye, rabi na aiki rabi na ajiya. Wanda na fi tunawa laka ce mai launin toka da ta ɗan yi kore, sai can tsakiya ka ga wani siririn layi fari, tokar dutse mai aman wuta da ta sauka tun kafin a san akwai Japan da wannan suna.

Bari in fara da wurin. Kudu da gaɓar Japan akwai wani dogon kwazazzabo a ƙarƙashin ruwa, Nankai, inda zurfin teku ya haura mita 4,000. A nan ne farantin dutsen da Tekun Filifin ke kai yake cusa kansa ƙarƙashin wanda kudu maso yammacin Japan ke zaune a kai, kamar santimita 4 zuwa 6 a shekara. Ba ya wucewa salin alin. Maƙalewa yake yi, yana jan bakin na saman yana lanƙwasa shi, shekara ɗari ko ɗari da hamsin, sai ranar da ya ƙwace. Ya ƙwace a 1707. Ya ƙwace a 1854, sau biyu, tsakaninsu awa 32. Sannan 1944 da 1946, duk a watan Disamba. Ku lissafa daga 1946 zuwa yau, za ku gane abin da ya sa hankalinsu ba a kwance yake ba. A ƙiyasin da gwamnatinsu ta fitar a Maris 2025, in abin ya zo da mafi munin kama, mutanen da za a rasa za su iya kai 298,000, yawanci ta dalilin ruwa. Garin Kuroshio da ke jihar Kochi an taɓa ƙiyasta masa igiya mai tsayin mita 34. Shi ya sa a can kowane turken wutar lantarki za ku ga an manna masa allo mai faɗin tsayin wurin daga teku, kuma a bakin gaɓa ga hasumiyoyin gudun tsira, ba ɗaki ba komai, matakala ce kawai da dandamali a sama.

To me ya sa ba a kan tudu ba? Saboda inda aka maƙale ɗin ba a ƙarƙashin tudu yake ba, yana can cikin teku, wani sashen ma kilomita ɗari ko fiye daga gaɓa. Japan ta cika tudunta da na'urori fiye da kusan kowace ƙasa, amma dukkansu daga gefe ɗaya suke leƙen abin, kuma daga nesa. Malam Ɗan Tasha ya kawo 2011, kuma misalin ya dace, sai dai ni akasin abin da ya fahimta nake gani a ciki. Ranar 11 ga Maris ɗin, wurin da ya fi gusawa a kan tudu, zirin Oshika, ya matsa gabas da mita 5 da ɗoriya. A can bakin kwazazzabon kuwa, ƙasan teku ta yi tsalle kusan mita 50. Hukumar yanayi ta fitar da gargaɗi cikin minti 3, amma da abin da na'urorin tudu suka ba ta, sai ta auna girgizar a maki 7.9, alhali ta kai 9. Ta ce igiyar za ta kai mita 6 a Miyagi, mita 3 a Iwate da Fukushima. Mutane da yawa da suke da katangar teku da ta fi mita 3 suka ga ba sai sun gudu ba. Kafin gyaran ya iso, wuta ta ɗauke a wurare da dama. Fiye da mutum 18,000 suka mutu ko suka ɓace. Bayan wannan ne aka shimfiɗa S-net a tekun gabashin ƙasar, tashoshin auna girgiza 150 a jikin kebul mai tsawon kusan kilomita 5,500. A ɓangaren Nankai kuma akwai DONET, tashoshi 51, sai N-net da aka kammala a 2025 daga Kochi zuwa gabashin Kyushu.

Waɗannan a kan ƙasan teku suke zaune, wasu an ɗan binne su. Aikinsu na gaggawa ne. Girgiza tana turo igiya iri biyu ta cikin dutse, ta farko mai sauri ce amma ba ta cika ɓarna ba, kusan kilomita 6 a daƙiƙa, ta biyun da ke rushe gini tana biye da wajen kilomita 3 da rabi. Saƙo a cikin kebul kuwa kusan gudun haske yake yi. In na'ura tana zaune daidai kan inda abin ya fashe, saƙonta zai riga girgizar isa gari da daƙiƙa 10, 20, wani wurin har 30. Kada a raina wannan. Ya isa jirgin ƙasa mai gudun kilomita 300 a awa ya fara taka burki, likita ya janye hannu daga tiyata, yaro ya shige ƙarƙashin tebur. Na sha jin ƙarar gargaɗin a waya, wani kuka ne mai tayar da tsikar jiki, sai ka yi tsit kana jira, can sai tagogi su fara kaɗawa. Ita kuma tsunami, wato babbar igiyar ruwa da girgiza ke tayarwa, ma'aunin nauyin ruwa da ke ƙasa yana jin wucewarta ta samansa tun tana tsakiyar teku, wanda zai iya ƙara har minti 20 a kan lokacin sani.

Rijiyoyin da ɗanku ya faɗa daban suke, kuma su ne suka fi burge ni. Saman ƙasan teku taɓo ne mai laushi, ruwa na gudana a kai, sanyi na canzawa, na'urar da ke kwance a kai tana jin hayaniya iri-iri. Motsin da ake nema kuma ƙanƙane ne ƙwarai. Sai aka ce a shiga ciki. Jirgin haƙa na Japan mai suna Chikyu, tsawonsa mita 210, ya haƙa rami a wani wuri da ake kira C0002, kudu da gaɓar Kumano, inda ruwa ya kusa mita 2,000, ya nutsa kusan mita 1,000 cikin ƙasa. A 2010 aka zura na'urorin: masu jin girgiza iri-iri, ma'aunin karkata, ma'aunin matsewar dutse, jerin ma'aunan zafi, da ma'aunin matsin ruwa. Aka zuba siminti ya kama su da jikin dutse, don duk yadda dutsen ya motsa su motsa tare. A 2013 aka jona su da kebul ɗin DONET, wanda ke fitowa tudu a garin Owase. An ƙara wata a C0010 a 2016, wata a C0006 a 2018.

A cikinsu ma'aunin matsin ruwa ne gwani, kuma ku Alhaji za ku fi kowa saurin gane shi. Kun san dutsen ƙasa ba busasshe ba ne, akwai ruwa a cikin ƙofofinsa. Ku ɗauki soso da ya sha ruwa: in aka matse shi ruwan ciki zai nemi hanyar fita, in aka saki sai ya ja. In rijiyar a buɗe take, ruwan zai fice cikin teku ba wanda ya sani. Amma in an toshe ta sosai, ba inda za shi, sai matsinsa ya hau ko ya sauka daidai da yadda aka matse dutsen ko aka sake shi. Wannan dabara ta toshe rijiya a ƙasan teku ba ma Japan ta fara ba, masu bincike na Kanada da Amurka suka fara ta a 1991 a tekun Fasifik, yamma da tsibirin Bankuba, kuma su ruwan da ke yawo cikin dutse suke bibiya. Daga baya aka lura ma'aunin yana amsawa duk lokacin da ƙasa ta motsa.

Ga abin da aka gani a Nankai. A 2017 aka wallafa sakamakon shekara 6 na rijiyoyi biyu da ke da tazarar kilomita 11 a tsakaninsu. Sau 8 tsagar, wato inda farantan biyu suka haɗu, ta zame a hankali, ba girgiza ba ƙara, santimita 1 zuwa 4 kowane karo, cikin kwanaki ko makonni, kuma tana maimaitawa duk bayan wata 8 zuwa 15. Ba wanda ya ji a jikinsa, na'urorin tudu ma ba su gani ba. Wani lokaci matsin ya hau a rijiya ɗaya ya sauka a ɗayar, da haka ake gane ta wane gefe zamewar ta bi. Lissafinsu ya nuna wannan zamewa ta ɓoye tana sauke kashi 30 zuwa 55 cikin ɗari na nauyin da ke taruwa a wannan yanki mara zurfi. Kafin nan da yawa sun ɗauka wurin ko dai a maƙale yake gaba ɗaya ko yana sulalewa kullum. Kuma wannan yanki na kusa da bakin kwazazzabo shi ne mai haifar da babbar tsunami in ya yi tsalle.

Tambayarku ta ƙarshe kuwa, amsar a'a ce. Ba na'urar da ke faɗin rana, kuma duk wanda ya ce muku yana da ita ku riƙe aljihunku.

Mai Bohol ya rubuta:

Allah ya ƙara basira Hajiya, Allah ya raya Hanan. Maganar toshe rijiya ta shige ni sarai, don mu ma in ba mu yi wa bakin rijiya siminti da kyau ba, ruwan sama ne zai gangara ya ɓata na ƙasa. Amma har yanzu da saura. In an gama haƙa an zare fayif, ta yaya za a sake samun bakin ramin a cikin duhu, ƙarƙashin ruwa mita 2,000? Mu nan in abu ya faɗa rijiya mai inci shida sai mun yini muna kamun kifi. Sannan jirgin ba ya gusawa ne? Kuma in na'urar ta lalace wa zai sauka ya gyara? Ni famfon da na saka wa mutum in ya shekara biyar bai kira ni ba sai in yi hamdala.

Maman Hanan ta rubuta:

Amin Alhaji, na gode. Ai kun taɓo inda gumin yake.

Jirgin ba ya jefa anga a irin wannan zurfin. Yana da farfeloli 6 a ƙarƙashinsa masu juyawa kowace fuska, kwamfuta na karɓar bayanin tauraron ɗan'adam da na wasu na'urorin sauti da aka ajiye a ƙasan teku, tana ba kowace farfela umarni dare da rana, don jirgin ya tsaya a wuri ɗaya duk da iska da igiya. Hawa da saukar da igiya ke sa shi kuma akwai wani injin a jikin hasumiyar haƙar da ke shanye shi, don kada fayif ya riƙa dukan gindin rami. Bakin ramin ana kafa masa ƙarfe mai faɗin baki kamar mazurari, a saka kesin a yi siminti yadda kuka sani. Lokacin komawa, sai a saukar da wata na'ura mai nutso marar matuƙi, da fitilu da kyamara, mutanen sama na kallo a allo, ana gusa jirgin gaba ɗaya taku-taku har bakin fayif ya daidaita da mazurarin. Wato da jirgi mai mita 210 ake saita abin da ke reto a ƙarshen fayif mai tsawon kilomita 2.

Babban abokin gabarsu a Nankai shi ne Kuroshio, wani kogin ruwa ne a cikin teku da ke bi ta daidai wurin da ƙarfi. In ya bugi fayif sai ya kama karkarwa. Ga fayif ɗin haƙa wannan da sauƙi, amma ga na'urar da aka ƙera don ta ji motsin da bai kai kaurin gashi ba, halaka ce. A gwajin da aka yi a 2009 karkarwar ta lalata kayan gwajin. Maganin da suka samo zai ba ku dariya: igiyoyi suka ɗaɗɗaura a jikin fayif ɗin daga sama zuwa ƙasa don su karya tafiyar ruwan, sannan suka riƙa haɗa kayan a inda ruwa ke kwance, su bar jirgin ya gangaro da su a hankali zuwa kan ramin.

Ruftawar rami kuma ba ku kaɗai take ci ba. Babban burin aikin, wanda aka fara a 2007, shi ne a huda har cikin ainihin tsagar da ke haifar da girgizar, wajen mita 5,000 ƙarƙashin ƙasan teku. Daga ƙarshen 2018 zuwa farkon 2019 Chikyu ya yi ta fama, dutsen a farfashe yake, bango na zubowa, a kauce a sake sabon reshe ya sake zubowa. A mita 3,262 aka tsaya. Ba a taɓa kai wannan zurfin ba a haƙar bincike a teku, amma tsagar ba a kai gare ta ba.

Inda suka kai ga tsaga shi ne a 2012, a wurin girgizar 2011, don a can tana kusa da sama. Ruwan wajen mita 6,900 ne, suka huda fiye da mita 800, suka rataya ma'aunan zafi 55 a ramin, suka tafi. Bayan wata 9 na'ura mai nutso ta je ta zaro su. Hikimar ita ce, duk abin da ya gogi wani da ƙarfi zai bar zafi. Zafin da ya rage a jikin tsagar bai wuce kashi ɗaya cikin uku na digiri ɗaya ba, kuma daga nan aka lissafa cewa tsagar santsi ne da ita ƙwarai, saboda wani siririn yumɓu mai sulɓi da ke tsakanin farantan biyu. Shi ya ba ta damar zamewa mita 50.

Batun gyara, abin da aka binne da siminti ya tafi ke nan, ba a ciro shi. Shi ya sa ake saka na'ura fiye da ɗaya mai aiki iri guda, kuma duk abin da ake tsammanin zai iya mutuwa da wuri ana barin sa a kan bakin rijiyar inda na'ura mai nutso za ta iya cirewa ta sauya. Wuta daga tudu take zuwa ta kebul ɗin da ke kwaso bayanan. Rijiyoyin da ba su da kebul, irin biyun da aka kafa a gabashin Niyu Zilan a 2018, da batir suke aiki, sai bayan shekaru a je a kwaso abin da suka rubuta. Waɗannan na bincike ne zalla, ba sa gargaɗin kowa.

Akwai wata wahala da ba a cika faɗa ba. Canjin matsin da ake nema wani lokaci bai kai nauyin ruwa mai tsayin taƙi ɗaya ba, a wurin da ruwa mai tsayin kilomita 2 ke danne da na'urar. Cikar teku da janyewarta na kullum sun ninka shi, dole a auna su daban a bakin rijiyar a cire. Shi kansa ma'aunin yana ɗan gocewa da tsufa. Sai an tara shekaru kafin a san halin rijiya, a iya cewa wannan numfashinta ne na yau da kullum, wancan kuma baƙo ne. Dalilin da ya sa ake barin su shekara goma, ashirin ke nan.

Ɗan Tasha ya rubuta:

To Hajiya, na ji kuma na ƙaru, maganar burkin jirgin ƙasa ta kama ni. Amma kin ce ba a sanin rana. Shelar da aka yi a 2024 da ta tayar wa iyalin Alhaji hankali fa, a kan me aka yi ta? Ga shi mako ya wuce ba abin da ya faru.

Maman Hanan ta rubuta:

Malam, ba duba suka yi ba. Ranar 8 ga Agusta 2024 an yi girgiza mai maki 7.1 a tekun Hyuga, can gefen yamma na yankin Nankai. Dokarsu ta ce in mai maki 7 ko fiye ta afku a cikin yankin, a sanar da jama'a cewa yiwuwar babbar ta ɗan ƙaru a kan yadda aka saba, na tsawon mako guda. Tarihi ne ya koya musu: 1854 da na ambata, sannan a 2011 ma, kwana biyu kafin babbar an yi mai maki 7.3 a wurin. Amma su da kansu sun faɗa cewa a duniya, cikin irin wannan girgiza ɗaruruwa, kamar ɗaya ce babbar ke biyo bayanta a cikin mako. Karo na farko ke nan da aka yi shelar, shi ya sa ta girgiza mutane: an rufe wuraren wanka a bakin teku kamar Shirahama da ke jihar Wakayama, jiragen ƙasa sun rage gudu, Firaministan lokacin, Kishida, ya fasa tafiyarsa zuwa tsakiyar Asiya, ruwan roba ya ƙare a kantuna.

A cikin wannan makon abin da masana ke dubawa kullum shi ne ko tsagar ta fara wani motsi da ba a saba gani ba, kuma bayanan ƙasan teku na cikin abin da aka duba. Zamewar ɓoye ita ma tana cikin sharuɗɗan da za su iya sa a yi shelar, in ta zo da wata kama dabam. Dalili kuwa, an gano an yi irinta a wurin girgizar 2011 tun a watan Fabrairu. Sai dai sau 8 ɗin nan na Nankai ba wadda babbar girgiza ta biyo bayanta. A nan ilimin ya tsaya a yau, ana ganin motsin amma ba a iya bambance wanda zai wuce lafiya da wanda zai ja bala'i. Ni ra'ayina, shela irin wannan tana da amfani in an ɗauke ta a matsayin tunatarwa, a duba jakar gudu, a san hanyar tudu, a ɗaure kabad da bango. In aka mayar da ita annabci, karo na uku ba wanda zai saurara. Addu'a kuwa ba wanda ya hana, raƙumin dai a ɗaure shi.

Ɗan Nima ya rubuta:

Salam daga Akkara. Hajiya mun gode. Mu nan tsofaffi suna ba da labarin girgizar 1939 da ta rusa gidaje, kuma har yanzu lokaci-lokaci ƙasa na motsawa ta wajen Weija da Kasoa. Sannan a Maris 2024 intanet ya ɗauke mana kwanaki, aka ce kebul ne ya tsinke a teku. Shin gaɓarmu ma tana bukatar irin waɗannan rijiyoyi?

Maman Hanan ta rubuta:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaɓar Afirka ta Yamma ba irin ta Japan ba ce, ba farantin da ke shiga ƙarƙashin wani a nan, don haka girgiza mai maki 9 ba ita ce damuwarku ba. Ta ranar 22 ga Yuni 1939 daga tsofaffin tsagogi ta fito, kuma su ne ke motsi har yau. Abin da Akkara ta fi bukata shi ne isassun na'urori a kan tudu da gini mai bin ƙa'ida, waɗanda kuɗinsu bai kama ƙafar na rijiya ɗaya a teku ba.

Kebul ɗin kuwa, guda 4 suka tsinke ranar 14 ga Maris a gaɓar Kwaddibuwa, kuma zargi ya fi karkata ga zaftarewar ƙasa a ƙarƙashin ruwa. An ga irinta ƙarara a Janairu 2020 a bakin kogin Kwango, inda laka da yashi suka gangara ta cikin kwazazzabo fiye da kilomita 1,100 suka tsinka kebul biyu, kuma an san tsawon tafiyar ne saboda an riga an kafa na'urori a kan hanyar. Abin da zai fi dacewa da mu shi ne wanda Fotugal ke shirin yi a sabon kebul ɗinta zuwa tsibiran Azores da Madeira, wato a saka ma'aunin girgiza da na matsin ruwa da na zafi a jikin kebul ɗin sadarwa tun lokacin shimfiɗa shi. Tunda kamfanoni na ta jawo sababbin kebul zuwa Legas da Akkara, hukumomin da ke ba su lasisi ne ya kamata su sa wannan a cikin sharuɗɗa.